Irin shuka: Najeriya ta fi zuba gyaɗa a ƙasa, amma manomin Nijar ya fi jin nauyinta

Kowace shekara, daga saukar ruwan fari a ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli, manoman Nijar da na Najeriya kan ɗauki gyaɗa mai ɗimbin yawa, wadda da an matse ta da ta zama mai da ƙuli-ƙuli, su mayar da ita cikin ƙasa. Ita ce irin shuka. Ba ta shiga tukunya, ba ta zuwa kasuwa, kuma ba a cika jin labarinta ba ranar da hukumomi ke bayyana sakamakon damina. Amma duk wanda ya taɓa noman gyaɗa, ko gujiya kamar yadda ake ce mata a Maraɗi da Tawa, ya san iri ne ke fara cin kuɗin manomi tun kafin a zo maganar taki ko ta ƴan ƙwadago.

Idan aka ɗora ƙasashen biyu a kan ma'auni, amsar farko ba ta da wuya: Najeriya ta fi Nijar zuba iri a ƙasa, nesa ba kusa ba. Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan taɓa aljihun manomi. Cikin abin da aka girba bana, kashi nawa ne dole a hana wa baki domin a samu na shukawa baɗi? A nan lissafin yake juyawa.

Yadda ake ƙidaya iri

Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana fitar wa kowace ƙasa jadawalin da ke nuna inda amfanin gona ya tafi: abin da aka ci, abin da aka ba dabbobi, wanda aka sarrafa, wanda aka fitar waje, wanda ya lalace, da wanda aka ware domin shuka. A rukunin amfanin gona mai ba da mai akwai gyaɗa, riɗi, waken suya, angurya, ƙwarar manja da kwakwa, sai wasu da ba a noma su a nan, irin su zaitun.

Babu ma'aikacin da ke bin gida-gida yana auna abin da aka ajiye a rumbu. Inda ƙasa ba ta ba da alƙaluman hukuma ba, yawanci ana ɗaukar faɗin gonakin da aka shuka a shekara mai bi, a ninka shi da nauyin irin da hekta guda take ci. Ƙiyasi ne, kuma duk mai alƙalami zai iya yin irinsa.

Akwai tarko ɗaya da ke kama masu karanta waɗannan alƙaluma. Wani lokaci ana lissafa gyaɗa da ɓawonta, wani lokaci kuma tsabarta kaɗai. Kilo 100 na gyaɗa mai ɓawo yana ba da tsaba wajen kilo 70 ne. Wanda ya gwada adadin wata ƙasa na tsaba da na wata ƙasa na mai ɓawo ya riga ya kauce tun kafin ya fara. Duk lissafin da ke tafe na gyaɗa mai ɓawo ne.

Abin da hekta guda take ci

Irin da ya fi yaɗuwa a Nijar shi ne wanda masu bincike ke kira 55-437, manoma kuma suke ce masa El Dakar. An tace shi ne a cibiyar binciken Bambey ta ƙasar Senegal a 1955, yana nuna cikin kwana 90. A Najeriya an yi masa rajista da sunan SAMNUT 14, amma a bakin manoman Kano da Katsina ƴar Dakar ce. Iri ɗaya ke nan ya ci iyaka tun kafin a haifi yawancin masu shuka shi a yau.

Shawarar malaman gona ita ce a bar santimita 40 tsakanin layi da layi, 15 kuma tsakanin rami da rami. Hekta guda za ta ɗauki rami sama da 166,000. Ƙwaya 100 ta wannan iri ba ta wuce giram 35 zuwa 38 ba, saboda haka ana buƙatar tsaba wajen kilo 60. In aka mayar da ita mai ɓawo, aka haɗa da wadda za a tsince a zubar, wato fasassa da ƙanƙararra da wadda ƙwaro ya huda, lissafi zai kai kusan kilo 100. A arewacin Najeriya an fi shuka a kan kunya mai tazarar santimita 75, sau da yawa ƙwaya biyu a rami, kuma wasu irukan nasu sun fi girman ƙwaya. In aka haɗa aka raba, nauyin da ke shiga hekta bai yi nisa da na nan ba.

Alƙaluman FAO na shekarun baya-bayan nan sun nuna Nijar na noma gyaɗa a fili mai faɗin hekta 900,000 zuwa miliyan ɗaya, tana girbar tan 500,000 zuwa kusan 700,000, gwargwadon yadda damina ta yi. Najeriya kuwa, wadda ke sahun gaba a duniya bayan Sin da Indiya, tana da hekta miliyan 3 da rabi zuwa 4, tana girbar sama da tan miliyan 4.

Da ma'aunin kilo 100 a hekta, Nijar na buƙatar iri kusan tan 100,000 a shekara. Najeriya na buƙatar tan 350,000 zuwa 400,000, wato ninki huɗu. Amma hekta guda a Najeriya tana ba da kilo 1,100 zuwa 1,200, a Nijar kuwa wajen 600. Ma'ana manomin Najeriya yana ware buhu ɗaya cikin 11 ko 12 domin iri, na Nijar kuma buhu ɗaya cikin 6. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, kason na iya zama ɗaya cikin 5.

In aka raba da yawan jama'a ma haka abin yake. Nijar na da mutum miliyan 26 da ɗoriya, Najeriya sama da miliyan 220. Kason kowane ɗan Nijar a irin gyaɗa ya kusa kilo 4 a shekara, na ɗan Najeriya bai kai kilo 2 ba.

Riɗi, waken suya da angurya

Sauran amfanin gona masu mai ba su canza hoton ƙwarai ba, amma sun nuna wani bambanci. A Nijar, in an ce irin mai, kusan gyaɗa ake nufi. Riɗi na ƙara samun shiga, ana noma shi a wajen hekta 200,000, sai dai ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce har dubu ɗaya ba ta wuce giram 3 ba. Kilo 3 zuwa 5 sun ishi hekta, shi ya sa manoma ke cakuɗa shi da yashi kafin su watsa. Duk irin riɗin da Nijar ke shukawa a shekara bai fi tan 1,000 ba, abin da ƴan manyan motoci za su kwashe. Wannan sauƙin iri na cikin dalilan da ke jan matasa marasa jari zuwa noman riɗi.

Najeriya ta ninka Nijar sau da yawa a riɗi, daga Jigawa zuwa Nasarawa da Binuwai, amma irin da take zubawa ƴan dubban tan ne kawai. Inda ta yi wa Nijar fintinkau shi ne waken suya, wanda take nomawa a hekta miliyan ɗaya ko fiye, musamman a Binuwai da Kaduna. Da kilo 50 a hekta, wannan kaɗai ya haura tan 50,000. Akwai kuma anguryar da ake shukawa a yankin Funtuwa da Gusau. Manja, wanda shi ne babban man kudancin Najeriya, dashe ake yi, itace guda ya yi shekaru fiye da 20 yana ba da ƴaƴa, don haka ba ya da wani kaso a lissafin iri na shekara-shekara. Nauyin iri a Najeriya ya rabu a kan amfanin gona uku ko huɗu, na Nijar kuwa a wuyan gyaɗa kaɗai ya taru.

Inda lissafin takarda ke rabuwa da gona

Kilo 100 a hekta shawarar malaman gona ce. Manoma da yawa a Madarunfa, Gidan Runji, Tasawa, Matamai ko Magarya ba sa kai wannan ma'auni. Wasu saboda suna haɗa gyaɗa da gero ko dawa a gona ɗaya, wasu kuma saboda irin da ke hannu ne bai isa ba, sai a faɗaɗa tazara domin ƴan tiyoyin da aka samu su cika gona. Haka abin yake a tsallaken iyaka, a Katsina da Jigawa.

Wannan na nufin ainihin nauyin da ke shiga ƙasa zai iya gaza abin da lissafi ya nuna. Amma ba sauƙi ba ne ga manomi, domin gonar da aka shuka da tazara ba ta cika ba da abin kirki. Ganye ba ya rufe ƙasa, ciyawa na samun wuri, danshi na gudu. Abin da ya fi muni, darɓa, ƙwaron da ke yaɗa kuturtar gyaɗa, ya fi sauka a gonar da ba ta rufe ba da wadda aka shuka a makare. Tun da daɗewa bincike ya tabbatar da cewa shuka da wuri kuma a matse na rage wannan cuta. To mai ƙarancin iri shi ne ke shuka da tazara, shi ne kuma ke makara yana neman rance. Ya girbi kaɗan, ya kasa ajiye isasshe, baɗi ya sake komawa inda ya fito.

Ruwan fari ma na da nasa sharri. Manomin gero na iya yin binne, ko ya shuka sau biyu sau uku idan ruwa ya yaudare shi, domin hekta ba ta cin fiye da kilo 10. Mai gyaɗa ba ya da wannan gata. In shukar farko ta ƙone, da wuya ya iya sayen ta biyu, shi ya sa ake jira sai ƙasa ta jiƙa sosai, kuma sau da yawa sai an gama da gonar hatsi ta gandu kafin a waiwayi ta gyaɗa.

A ƙauyuka da dama na jihohin Maraɗi, Damagaram da Dosso, gyaɗa amfanin mata ce, a gamanarsu suke noma ta. Su ne kuma masu soya ta su matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Buhun da mace ta ware na iri yana zaune a ɗaki wata bakwai ko takwas, daga kaka zuwa faɗuwar damina, kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai abin da ke kiransa: rashin lafiyar yaro, biki, suna, azumi, ko hatsin da ya ƙare a bazara. Da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, gyaɗa na araha. A watan Mayu da Yuni, lokacin da kowa ke neman iri, tana tsada. Wadda ta sayar da nata a Disamba za ta sayi na wani a Yuni da kuɗin da ya fi wanda ta karɓa, kuma ba ta san asalinsa ba.

Tsarin jinginar da amfanin gona a sito, wanda wani shirin FAO ya fara yaɗawa a Nijar tun 1999, an yi shi ne domin irin wannan matsala: a kulle buhu, a karɓi bashi a asusun ajiya, a biya a bazara a ɗauki kaya. Inda ƙungiyoyin manoma ke da ƙarfi ya taimaka, amma bai kai kowane gari ba.

Lokacin da hukuma ke riƙe da iri

Dattawan Maraɗi da Damagaram sun san zamanin da ba haka abin yake ba. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayenta, a shekarar kuma aka kafa UNCC, hukumar bashi da ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda ke ba manoma rancen iri su biya da kaka. Akwai masana'antun mai a Maraɗi, Matamai da Magarya. A can Najeriya kuwa dalar gyaɗa ce ke tsaye a Kano, ƙasar na kan gaba a duniya wajen fitar da ita.

Farin 1973 da 1974 ya raunana noman, sai annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa shi. A arewacin Najeriya ta lalata wajen hekta 700,000. A Nijar, amfanin da ya haura tan 250,000 a 1972 ya faɗo ƙasa da 50,000 a 1975. Asarar ba ta tsaya a abincin shekara ɗaya ba, har irin da za a shuka ya tafi, kuma amfanin da ke ninka kansa sau 6 zuwa 12 kacal ba ya farfaɗowa cikin damina guda. Kuɗin yuraniyom ya ɗauke hankalin gwamnatin Nijar, na man fetur ya ɗauke na Najeriya. Najeriya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, SONARA ma daga baya ta durƙushe. Noman gyaɗa ya dawo, har ya zarce na da a yawan tan, amma ya dawo ne a kan irin da manomi ya ajiye da kansa ko ya auno a kasuwa.

Me ya sa kamfanoni ke gudun irin gyaɗa

A ƙasashen biyu akwai kamfanonin iri masu zaman kansu, amma gyaɗa ba ita ce abin sonsu ba, kuma dalilin a fili yake. Furen gyaɗa kansa yake yi wa barbara, saboda haka manomin da ya sayi iri mai kyau sau ɗaya zai iya maimaita shi shekara uku ko fiye ba tare da ya sauya ba. Ga nauyi wajen sufuri, ga cin wuri a sito, ga shi tsabar da aka ɓare ba ta jure zafi, cikin ɗan lokaci ƙarfin tsironta ke raguwa. Kamfanin da zai samar da irin hekta 10 na gyaɗa sai ya noma hekta guda cur, alhali hekta guda ta gero za ta ishi hekta 50 ko fiye. Shi ya sa a Najeriya kamfanoni suka fi karkata ga masara da shinkafa, a Nijar kuma ga gero da wake. Ko irin agajin da gwamnati da ƙungiyoyi ke rabawa a farkon damina, galibinsa gero ne da dawa da wake.

Duk da haka Najeriya ta yi gaba a fannin sabunta iri. Cibiyar binciken noma ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da cibiyar ICRISAT, ta fitar da SAMNUT 21, 22 da 23 a 2001, SAMNUT 24 a 2011, sai 25 da 26 a 2013. SAMNUT 24 ya fi karɓuwa domin yana nuna da wuri, yana jure kuturta, yana da mai, harawarsa kuma na da kyau ga dabbobi. An kuma ƙarfafa noman gyaɗar rani a filayen ban-ruwa, abin da ke ba da damar ninka iri sau biyu a shekara, a kuma samu sabo fil daidai lokacin shuka.

Nijar ba ta rasa kayan aiki ba. Akwai INRAN tun 1975, da reshenta na Tarna a Maraɗi. Akwai cibiyar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, da gonar iri ta Lossa, da cibiyoyin ninka iri na Dukuduku, Kurungusau, Magarya, Geceme da Hamdallahi. An yi rajistar iruka irin su RRB, JL 24 da Fleur 11. An amince da manufar iri ta ƙasa a 2012, aka yi doka a 2014. Amma El Dakar, mai shekara 70 a duniya kuma mara juriyar kuturta, ita ce har yanzu ke mulki a yawancin gonaki. Wani ɓangare na dalilin cancantarta ce, domin tana jure ƙarancin ruwa kuma masu matsar mai sun san ta. Ɗaya ɓangaren kuwa shi ne ba a taɓa ninka sauran da yawan da zai kai kasuwar ƙauye ba. Fili kamar na Jiratawa ko na Ƙonni zai iya yin aikin da noman rani ke yi wa irin gyaɗa a Kano, in an samu mai saye da tabbas.

Akwai abubuwan da ke hannun manomi tun yanzu. Malaman gona na ba da shawarar a ajiye iri da ɓawonsa, a busasshen wuri, kada a ɓare sai saura mako ɗaya ko biyu a shuka, kuma a ɓare da hannu domin inji na fasa ƙwaya. Kafin ruwa ya sauka a ɗebi ƙwaya 100 a shuka a jiƙaƙƙen yashi. In bayan mako guda waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, to a ƙara yawan iri ko a nemi wani. Irin da aka shafa wa magani kuma ba na ci ba ne, ko ya yi saura.

Iyaka

Iri bai taɓa tsayawa a iyakar Nijar da Najeriya ba. Ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Mai'aduwa da Matamai, gyaɗa na shiga tana fita gwargwadon farashi da darajar naira a kan sefa. Ko a watannin da aka rufe iyakar, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, babura ba su daina bin hanyoyin daji ba, sai dai kuɗin dako ya ƙaru.

Irin da ke da takardar shaida shi ne ke buƙatar doka. Ƙa'idar da ƙungiyar CEDEAO ta kafa a 2008 ta ba da damar irin da aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ya shiga kasuwar sauran ƙasashe. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da barin kaya su wuce kamar da har zuwa wani lokaci. Nijar na nan cikin UEMOA da CILSS, waɗanda ke aiki da tsarin iri ɗaya da wancan, amma Najeriya ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu. Kamfanin da ke son shigo da tantataccen iri daga Zariya zuwa Maraɗi yana buƙatar sanin takardar da jami'in kan iyaka zai karɓa. Ɗan kasuwar da ya ɗauro buhu biyu a bayan babur daga Jibiya kuwa ba mai tambayarsa sunan irin, balle shekarar da aka girbe shi, kuma a wurinsa yawancin mata masu gamana ke auno abin da za su shuka.